Shagon hayar kyamara da ya raka ni kakar 2024

Ruwan ƙarshen Agusta ne ya kashe mini kyamara. Ina ɗaukar wani taron Ranar Hausa ta Duniya, ranar 26 ga wata, a fili ba rumfa, hadari ya haɗo daga gabas, kafin in laluba leda a jaka ruwa ya riga ya shige ta. Mai gyara ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfi ya ce in yi haƙuri. Na je na tambayi kuɗin sabuwa a lokacin da dala ta haura naira 1,500, na ji abin da aka faɗa, na yi musu sallama cikin mutunci na fito. Ga shi kuma na riga na karɓi alƙawarin aiki har huɗu tsakanin Satumba da Disamba, ga ɗan fim ɗina na kaina a kan bukukuwan kaka da na shekara biyu ina cewa bana zan yi. Dole ta sa na koma haya.

Shagon yana saman wani bene ne a titin Zoo Road, inda rabin harkar fim ɗin Kano take kwana take tashi. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda zan faɗi alherinsa in kuma faɗi inda ya ɓata mini rai, kuma har gobe ina da buƙatar hawa benen nan. Ɗaki ne ɗan tsukuku, da kabad na gilashi biyu, da benci ɗaya da kullum za ka tarar da wani darakta a kai yana waya yana rantsuwa cewa kuɗi na hanya. Mai shagon dattijo ne, tsohon mai ɗaukar hoto tun zamanin kaset, wanda in ka ba shi dama zai ba ka labarin yadda suke tace fim da bidiyo biyu a jone har ka manta abin da ya kawo ka. Alhaji muke ce masa. Yana da yaro guda, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, siriri, ba ya son magana.

Ƙa'idarsu ba ta da wuyar fahimta. Ka kawo kwafin katin ɗan ƙasa, ka kawo wanda zai tsaya maka daga cikin 'yan harkar da Alhaji ya sani, ka biya rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko kuma ranar da ka dawo da kaya. In kayan masu tsada ne, yaron zai bi ka lokeshan, abincinsa da kuɗin motarsa a wuyanka. Da farko wannan sharaɗi na ƙarshe ya ba ni haushi, na ɗauka an haɗa ni da ɗan sanda ne. Daga baya na gane cewa a duk abin da shagon yake bayarwa haya babu abin da ya kai yaron nan daraja.

Aikin farko Takutaha ne, mako guda bayan hutun Mauludi, a cikin Satumba. Na karɓi kyamarar Sony A7 III da gilashi mai zuƙowa 24 zuwa 70, da batir uku, da gimbal na DJI, wato mariƙin da ke hana kyamara girgiza in ana tafiya da ita, don a raina ina hango kyamara tana shawagi a cikin jama'a har saman dutsen Dala. Muna isa gindin dutsen yaron ya kalli cunkoson da ke kan matakala, ya kalle ni, ya ce, "Yaya, da mun bar gimbal ɗin nan a jaka." Na ƙi ji. Ban yi taku talatin ba wani yaro mai tuta ya buge shi, ya karkace, na tsaya daidaita shi mutane suna ture ni ta baya. Na mayar da shi jaka ba tare da na kalli fuskar yaron ba, na rataya kyamara a wuya na riƙe ta da hannu biyu. Hoton da ya fi kowanne kyau a ranar a haka na ɗauke shi: birni shimfiɗe a ƙasa, jan ƙasar tsofaffin unguwanni da kwanon rufi suna ƙyalli, 'yan Islamiyya cikin kaya iri ɗaya suna hawowa layi-layi da waƙoƙin bege. Na biya kuɗin gimbal na yini guda a banza, wannan kuwa laifina ne.

Abin da yake laifinsu biyu ne. Cikin batir ukun, biyu ne na asali, na ukun jabu ne da yake nuna saura kashi 40 sai kawai ya ɗauke, kuma ba wanda ya gaya mini. Na biyun ya fi damuna. Da na saka memori na duba, sai na tarar da bikin wasu mutane a ciki, tun daga kamu har zaman amarya da ƙawayenta a ɗaki, mata sun saki jiki ba mayafi don sun san mai ɗaukarsu. Ban san su ba, ba su san ni ba, ga sirrinsu a hannuna. Na goge, na kuma gaya wa Alhaji da na dawo. Ya ce ai wanda ya yi haya ne ya kamata ya goge. Gaskiya ne, amma shagon da memori yake wucewa ta hannunsa kullum bai kamata ya miƙa shi ga wani bai wanke shi ba, aikin daƙiƙa goma ne. Tun daga ranar ban sake mayar musu da memori ba sai na kwashe aikina na wanke shi da hannuna, kuma duk wanda zai yi haya a ko'ina ina ba shi wannan shawarar.

Dambe ya biyo baya, a filin Ado Bayero Square da ke Sabon Gari. A nan ne na ƙara kuɗi na ɗauki kyamarar FX3, saboda dalili biyu. A7 III tana yanke ɗauka in ta kusa minti 30, shi kuwa dambe ba ya jiran kowa: za a yi ta zagaye ana kirari ana ja da baya, turmi ya wuce ba a yi komai ba, sai ka sauke hannu sannan a yi kisa. FX3 ba ta da wannan iyaka, tana da fanka a ciki da ke hana ta zafi, kuma tana ɗaukar hoto 100 a daƙiƙa guda ba tare da ingancinsa ya ragu ba. Da wannan na samu wani ɗan damben Arewa yana kai wa na Guramada hannun da ya sha zare, ƙura ta tashi daga ƙafarsa a hankali, gwiwar ɗayan tana sauka ƙasa kamar mai shirin durƙuso. Kyamarar da suka ba ni tsaf take, an kula da ita, ba ni da abin cewa.

Sauti ne ya so ya kunyata ni. Kalangu a gidan dambe ba ya barin kowa ya yi magana, makirfon da ke kan kyamara ba abin da yake ji sai shi. Yaron ne ya zaro ƙaramin makirfo na Rode, irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga, ya je ya durƙusa gaban mai sanarwa ya ce, "Baba, don Allah a taimaka mana," ya maƙala masa. Can tsakiyar wasa jama'a suka shiga tsakaninmu, sautin ya riƙa yankewa a kunnena, na ce shi ke nan an yi asara. Ashe ya kunna ɗaukar da makirfon yake yi a cikin kansa tun kafin ya maƙala. Da muka dawo ya juye mini, ga kirarin kowane ɗan dambe garau, da sunan ubangidansa da garinsu. Ban roƙe shi ya yi ba, ban ma san an saita abin haka ba.

Marinar Ƙofar Mata ba ta ɗauke ni dogon lokaci ba. Wata ƙungiyar matasa masu zane ce ta sa in haɗa musu minti biyar a kan shuni, don su nuna a bajekolin zanensu. Wurin da aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa, yau ramukan da ke aiki ba su kai waɗanda aka bari ba, amma hannun marini da ya rine har gwiwar hannu da ƙarar masu bugu sun ishi mai kyamara. Ƙafar kyamarar da aka ba ni ranar ɗaya daga cikin sawayenta tana zamewa, sai da muka ɗaure da ƙyalle. Ƙaramin abu ne, na faɗa ne don a san ana duba kowane maƙulli kafin a sauko daga bene.

Ranar bajekolin ce aka yi mini wadda ta fi ciwo. A zaure aka yi, da dare, da fitilun silin. Na ɗauki jawabin buɗewa da hira da masu zane shida, ina kallon ƙaramin allon kyamara ban ga komai ba. Sai da na juye a kwamfuta na ga wasu layuka baƙaƙe-baƙaƙe suna gangarowa a kan fuskar kowa. Wutarmu a Najeriya tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, shi ya sa muke ɗauka a tsarin PAL, hoto 25, ba tsarin Amurka mai tafiya da 60 ba. Wanda ya yi haya kafin ni ya juya kyamarar zuwa tsarin Amurka, shagon bai mayar ba, ni kuma saboda sauri ban duba ba. Na kwana biyu ina fama da manhajar tacewa, na rage abin amma bai fita duka ba, hira biyu sai da na koma na sake. Da na kai ƙara, Alhaji ya ce, "Kai da kake darakta ba ka duba saiti?" Na ce, "Alhaji, kai da kake ba da haya ba ka mayar da saiti?" Muka kalli juna, ya yafe mini kuɗin rabin yini. Ni dai har yanzu ina ganin rabon laifin bai zo daidai ba, amma na karɓa.

Sai ga 21 ga Oktoba. Duk wanda yake Kano ko Kaduna ko Katsina ya san abin da ya faru: layin wutar da ke kawo wa Arewa lantarki ya lalace, ga na Shiroro zuwa Kaduna dama an riga an lalata shi, muka shiga duhu wajen kwana goma. Man fetur ya haura naira 1,000 lita, janareta ya zama kayan ado, masu cajin waya suka zama sarakuna, ƙanƙara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ni kuma ina da aikin matasan nan da zan miƙa, kwamfutata ba ta awa biyu ba wuta. Na hau benen ne kawai don in ce a ɗaga mini ranar da na kama, sai na tarar da fanka tana juyawa. Ashe Alhaji ya daɗe da kafa sola da inbata, saboda cajin batiran haya. Ya nuna mini ƙarshen benci ya ce, "Zauna nan ka yi aikinka." Kwana uku ina zuwa tun safe har la'asar, mu huɗu wani lokaci biyar a kan soket guda, kowa da abin jinsa a kunne. Da na zaro kuɗi ya ce in mayar, wuta ta Allah ce, rana ce ta ba shi. Bai ƙara ko sisi a kuɗin haya a kwanakin ba, alhali da ya ƙara ba mai iya cewa uffan. Layukan da ke fuskar masu zane a kan bencinsa na gyara su, da wutarsa, ina yi ina jin haushinsa ina kuma jin kunyarsa.

Babban aikin shi ne kalankuwa, a Nuwamba, a wani ƙauye arewa da Kano, garin kakannina na wajen uwa. An yanke dawa, dammuna sun taru a bakin rumbuna, samari sun sayar da gyaɗa da wake aljihu ya yi nauyi. A wurare da yawa wasan ya mutu, wasu sun ce malamai ne suka hana, wasu sun ce waya ce ta cinye shi. A can har yanzu ana yi, ko da yake ba kamar yadda kakata take ba da labari ba. Ana naɗa gwamna da alƙali da 'yan doka a cikin samari, a kafa kotun wasa a ci mutum tara don ya zo da hula a karkace, makaɗa su kwana suna yi, 'yan mata su yi layi da sababbin atamfofi. Don wannan na ɗauki kaya da yawa: FX3, gilashi biyu, fitila biyu masu batir, babban batirin caji mai kamar akwati, da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto wanda yaron ne kaɗai aka yarda ya tuƙa.

Hunturu ya fara saukowa, ga ƙaiƙayin sussuka yana yawo a iska. Da rana tsaka na cire gilashi zan canza a bakin masussuka, yaron ya riƙe mini hannu, karo na farko da ya taɓa yin haka. Ya ce mu shiga mota. A cikin mota, da tagogi a rufe, ya kifa kyamarar ya canza, ya hura mata iska da 'yar robarsa. Duk da haka ƙura biyu sun samu shiga, ana ganinsu a sararin sama in na tsuke ƙofar haske, amma da na yi yadda na so da hoton yinin gaba ɗaya ya zama mai ƙyasfi. Batirin akwatin ya riƙe mu dare biyu, da cajin kyamara da fitilu da wayoyin rabin samarin garin, don ba yadda za ka hana ɗan kawunka caji.

Jirgin kuwa, sai da muka je gaban mai gari muka nemi izini. Ya ce a ɗauki gona da fili da kasuwa. Da yamma na hango yadda hasken rana yake sauka a kan gidajen, na ce wa yaron ya ɗaga shi ya bi ta saman gari. Ya ce, "Yaya, daga sama ana ganin tsakar gida." Na ce daga nesa ne, ba za a gane kowa ba. Ya ce shi dai ba zai bi ta kan gidan mutane ba, matan aure suna ciki suna aikinsu, in na matsa in kira Alhaji. Ban kira ba. Na tuna memorin bikin nan da na yi ta faɗa a kansa, na yi shiru. Ya zagaya da shi ta bayan gari, ya ɗauko rumbuna da garken shanu suna shiga karan dawa, kuma da wannan hoton fim ɗin yake buɗewa.

Rigimar da muka yi ta ƙarshe a kan lissafi ce. Mun tafi Juma'a da rana, muka dawo Lahadi da hantsi. A lissafina kwana biyu ne. A lissafin Alhaji uku ne, don shi yini yake ƙirgawa, Juma'a da Asabar da Lahadi, ko da awa ɗaya kayan suka yi a hannunka a ranar. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, rasit ɗinsu ba ya ɗauke da komai sai jimlar kuɗi da sa hannu. Sannan ya ɗaga gilashin rage haske ya nuna mini wani ɗan ƙarci a gefe ya ce sabo ne. Na san da shi na karɓa, amma ba ni da shaida, don ba a duba kaya a rubuta lafiyarsu kafin a fita. Yaron ne ya ce, a hankali, kansa a ƙasa, "Alhaji, tun bikin Gwammaja yake." Maganar ƙarci ta mutu a nan. Ta kwana kuwa sai da wanda ya tsaya mini ya zo aka raba, na biya biyu da rabi. Shago mai kayan miliyoyi ya kamata a ce yana da takarda guda mai jerin kaya da lokacin fita da na dawowa. Na faɗa masa, ya ce shekara nawa yana yi da amana. Yanzu kafin in sauko nakan ɗauki kowane kaya a waya ta kowane gefe, a gabansa, in tura masa ta WhatsApp. Yana dariya yana cewa 'yan boko, amma yana buɗewa.

A ƙarshen Nuwamba na leƙa bikin finafinan harsunan Afirka na KILAF da ake yi a nan Kano, na haɗu da mutum uku da suke haya a wurinsa. Duk abin da na faɗa sun faɗa, har batirin jabun, wanda ashe kowa ya san shi, an ma yi masa alama da jan fenti a gindi, ni ne baƙo. Kuɗinsa ba shi ne mafi araha a titin ba, akwai masu sauƙi, amma su ba sa haɗa ka da kowa, in abu ya tsaya maka a ƙauye sai dai ka kira a ce maka ka kashe ka kunna. Wanda zai ɗauki biki na yini ɗaya a cikin gari, kuma ya san kyamara, zai iya zuwa inda ya fi sauƙi. Wanda zai fita bayan gari, ko zai shiga taron jama'a, ya hau benen nan ya biya kuɗin abincin yaron da farin ciki.

Da labari ya zo a farkon Disamba cewa UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, Alhaji ya ce to, bana Turawa za su cika gari, kowa ya kama kyamararsa da wuri. Na ce ko dai shirin ƙarin kuɗi ne. Bai amsa ba.

Makon jiya na koma na ɗauki majigi da lasifika, muka koma ƙauyen don su ga kansu. Muka ɗaure farin zanin gado a bangon makarantar firamare bayan sallar isha'i, sanyi yana kaɗawa, yara sun zauna a gaba cikin buhunan da suka lulluɓa. Sai a lokacin muka ga ba a saka wayar da ke haɗa majigi da kwamfuta a jaka ba. Na fara tsaki. Yaron ya laluba aljihun rigar sanyinsa ya zaro wata, tasa ce ta kansa, ya ce yakan yi yawo da ita saboda ya san halin jakar. Da alƙalin kalankuwa ya bayyana a bango da rawaninsa na tawul, ihun da aka yi ya sa ba wanda ya ji ko kalma ɗaya daga sautin da na kwana huɗu ina gyarawa, sai da muka mayar da fim ɗin farko har sau uku.